Rumbun Yalwa da Kwandon Furera

A Deule, in mace ta ƙarar da hatsinta tun rani bai raba ba, maganar uwar mijinta ɗaya ce: ta je ta ga yadda Yalwa ke yi. Yalwa matar Arzika ta daɗe tana jin wannan magana, kuma ba ta taɓa ƙosawa da ita ba. Takan sunkuyar da kai ta ce ai Allah ne ke rufa asiri, amma wanda ya dubi bakinta zai ga murmushin da take ƙoƙarin haɗiyewa.

An haife ta shekarar da hatsi ya yi har aka rasa inda za a zuba, shi ya sa kakarta ta sa mata Yalwa. Sunan bai daɗe yana aiki ba. Tana fara ɗaukar ƙaramin tulu sai fari ya sauka ƙasar Adar. Ta ga uwarta na jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacin ya fita a samu abin taunawa, ta ga an haƙa gidan tururuwa ana neman ƙwayar da suka ɓoye. Ƙanenta da ke goye bai ga damina ta gaba ba. Tun daga nan hannun Yalwa ya dunƙule, kuma har ta yi jikoki bai saki ba.

Gidan su Arzika, kamar sauran gidajen garin, suna da al'ada tun kakanni, tun zamanin da tsofaffinsu ba su fara salla ba. In kaka ta wuce, maigida zai jera damman gandu cikin babban rumbun laka, ya kifa murfi a baki, ya liƙe da ɗanyar laka, ya danna tafin hannunsa a kai, sannan ya ɗora hular ciyawa. Daga nan ya rataya jaka ya tafi bida, wato neman kuɗi, a Abijan tare da sauran maza. Ba a taɓa rumbun nan sai ruwa ya sauka maza sun dawo, don hatsin ciki shi ne ƙarfin noma. Tsakanin nan mace ta ci da ƴaƴanta daga gamanarta, ɗan filin da aka yanka mata ita kaɗai, da abin da dabara ta ba ta, da ɗan aiken miji in ya aiko. Mata da yawa ba sa kaiwa. Zafi na tsananta za ka ji an fasa rumbu nan, an fasa can, miji ya dawo ya yi ƙunƙuni, a wuce wurin.

Yalwa ba ta taɓa fasawa ba. Kowace shekara in Arzika ya dawo, kafin ya sha ruwa sai ya jingina tsani, ya ɗaga hular, ya ɗora hannunsa cikin sawun hannun da ya bari, ya sauko bai ce uffan ba. Arzika ba mutum ne mai yabo ba, ko tuwo ya yi daɗi sai dai ka ga akushi ya koma fayau. Wannan shirun nasa na gindin tsani shi ne ladan Yalwa na shekara, kuma ba ta musanya shi da turmin atamfa.

Yadda take yi kuwa ba tsafi ba ne, sa ido ne. Da kaka, lokacin da kowa ke ɗagawa yana ganin abinci ba ya ƙarewa, ita tana kan rufin ɗaki tana shanya. Kuɓewa, yakuwa, tafasa, ganyen zogale, duk ta busar ta ɗure a tuluna. In masu albasa na cira a fadama, takan je ta taya su rabin yini su bar mata ganyen, ta daka ta dunƙula gabu. Tumatir in ya yi arha har masu shi na roƙon a saya, ta yanka ta shanya kauɗa. Ƴaƴan yakuwa ta yi daudawa da su, don haka ɗan dunƙulen nan na kanti bai san hanyar tukunyarta ba sai ranar salla. Sandar sabuni ba ta shiga ruwa sabuwa: sai ta yayyanka ta, ta bar ta ta bushe ƙarau, saboda ɗanyen sabuni narkewa yake yi a banza. Tukunya da toka ake wanke ta. Ruwan wankin hatsi da dusa na akuya ne, akuya ta biya da nono. Kasuwar Buza kuwa ba ta shigarta da safe, sai rana ta karkata masu kaya sun fara tunanin hanyar gida, kuma ba ta zuwa da yaro, don yaro a kasuwa rami ne a bakin zane.

Sai dai Yalwa yadda take tattalin hatsi haka take tattalin dabara. Amaryar da aka turo mata za ta zauna ta taya ta daka, ta taya ta tankaɗe, ta tashi da abu ɗaya tak, sauran sai wani zuwan. Tana son a dawo. Tana son ta ji sallama a bakin ƙofa ta san don ita aka zo.

Sai Muntari maƙwabcinsu ya auro Furera daga Madawa. Katangar duwatsu ce kawai tsakanin gidajen biyu, iya kafaɗa. Da Yalwa ta ga amaryar, da lalle har gwiwar hannu da dariya ba dalili, ta ce a ranta wannan ba ta kai watan azumi sai ta ci rumbu har da hularsa. Ta gyara tabarma tana jiran a turo mata ita.

Ba a turo ta ba. Shekarar farko rumbun Muntari ya kai saukar ruwa ba a fasa ba. Yalwa ta ce ai amarci ne, baki biyu me za su ci. Shekara ta biyu ma ya kai, ga goyo, ga uwar Muntari ta dawo gidan da zama. Nan Yalwa ta fara leƙen hayaƙin maƙwabta. Abin da ta lura ya hana ta sukuni: hayaƙin Furera na tashi da hantsi ya mutu nan da nan, amma da azahar ƙamshin wake na tsallako katanga.

Wake shi ne abincin da ya fi riƙe ciki da rani, ga shi gamana na ba da shi, amma babu abin da ke cin itace kamarsa. Itace kuwa a ƙasar duwatsun nan ya fi nama wuya. Karan dawa ya ƙare, a koma kashin shanu, shi ma ya ƙare, sai mai jaki ya zo da ɗaurinsa a ba shi hatsi ya sauke. Duk wayon Yalwa, nan ne gamanarta ke zurarewa, ta kuma sani.

Amira autarta ce ta kawo labarin, tana haki kamar ta ga watan salla.

"Inna, Furera na dahwa wake ba wuta. Da ya tahwasa sai ta sauke, ta sa tukunyat cikin kwando mai ƙaiƙayi, ta ruhe da bargo, ta tahi rijiya abinta. In ta komo ya nuna luguf. Wai ga gwaggonta ta koya, mai saida abinci tashar Madawa."

"Ke kin ci?"

"Na ci, Inna."

"To ki jira cikinki. Abincin da wuta ba ta gama ba, hanjinki na za su gama shi. Kuma mi ya kai ki gidan mutane cin wake, mu ba mu da shi?"

Cikin Amira bai yi komai ba, wannan ma ya ƙara ɓata wa Yalwa rai. Kafin wata ya mutu mata sun gano hanyar gidan Muntari. Furera ba ta san rowar dabara ba, wadda ta zo za ta juye mata komai a zama ɗaya, har ta raka ta da ƙaiƙayi a ƙwarya. Ta kuma haɗa su su biyar su shida su sayi bido ɗaya na mai, wato jarka, a Buza su raba, maimakon kowa ta riƙa sayen cokali cokali. Yalwa na zaune gindin turminta tana jin sallama a ƙofar da ba tata ba, tana jin dariyarsu, kowace dariya kamar da ita ake. Kishi ne, ba wani suna da za a sa masa, kuma ya kama ta a wurin da ba ta zata ba. Da Furera zinariya ta sa, ko mijinta ya aiko mata da babur, da Yalwa ba ta ɗaga kai ba. Amma tattali nata ne, ita ta sha wuyarsa tun tana yarinya.

A rijiya ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce ɗanyen wake ke kumbura yara. Ta ce ita dai ba ta ga kakanninsu na rufa wa tukunya bargo kamar mai masassara ba. Matan suka yi dariya don girmanta, suka ɗauki bidunansu, suka biya ta gidan Furera. Abin haushin, yarinyar ba ta da abin zagi. Kullum da safe sai ta leƙo ta katanga ta durƙusa da murya, "Inna, kun kwan lahiya?" Yalwa ta amsa da "lahiya lau" mai sanyi, tana neman laifi a gaisuwar ba ta samu ba.

Ranar da abin ya kai mata ƙarshe, tana layin injin niƙa ne. Wata tsohuwa a bayanta na yi wa surukarta faɗa kan hatsin da ya ƙare. Yalwa ta gyara tsayuwa, ta fara shirya fuskar nan tata ta kunya, don ta san abin da ke biye.

"Ke dai ba ki da hankali," in ji tsohuwar. "Tahi ki ga yadda Furera ka yi."

Yalwa ta dawo gida da garinta a ka.

Ga shi kuma shekarar ba ta zo mata da sauƙi ba. Gamana ba ta yi ba, karanta ya ƙare da wuri, mai jaki ya riƙa zuwa yana tafiya da hatsinta tiya bayan tiya. Ta leƙa tulunanta, ta dubi sama ba alamar hadari, ta san in haka ta ci gaba bana sai ta hau tsanin nan. Maganin na bayan katanga, kalma biyu ce za ta faɗa. Amma bakin da ya ce bargon masassara a gaban matan gari ba ya iya buɗewa ya yi tambaya.

Sai ta kifa turmi gindin katanga, ta hau, wai tana gyaran dutsen da ya goce. Ta ga komai: babban kwando, ƙaiƙayi danne a ciki, tsohon bargo, tukunya na sauka daga wuta tana tafasa, a cusa, a danne da buhun ƙaiƙayi. Ta kuma ga abin da ya faranta mata rai. Furera ta tafi ta bar garwashi jajur a murhu yana mutuwa. Yalwa ta sauko tana taɓe baki. Ashe yarinyar rabin tattali ta iya. Ita in za ta yi, garwashin nan ba ya tafiya a banza, zai bi tukunya cikin kwando, waken ya nuna kafin na Furera, a lokacin a ga wadda ta iya.

Ta jira ranar kasuwar Buza. Ta ɗora wa Amira gabu ta bi matan gari kasuwa, gida ya zama nata ita kaɗai. Ta tafasa wake, ta kwashe garwashi a kasko ta yayyafa masa toka, ta ajiye a ƙasan kwando, ta ɗora tukunya, ta cusa ƙaiƙayi ta ko'ina, ta rufe da tsummokara. Sai inda za ta ɓoye. Ɗaki mai shigowa zai gani, tsakar gida mai leƙe zai gani. Rumbun Arzika na zaune kan manyan duwatsu, an gicciya masa itatuwa a ƙasa, akwai sarari inda kaji ke fakewa da rana. Nan ta tura kwandon can ciki, ta kare da guntun zana, ta yafa mayafi ta tafi suna a ƙarshen gari, ranta fari tas.

Tana tsakiyar shan fura ta ji ana cewa hayaƙi gidan Arzika. Iskar bazara na kaɗawa mai zafi. Yalwa ba ta san ta iya gudu ba sai ranar.

Ta tarar da gidanta cike da mata da tsofaffi, don maza duk suna bida. Kowa ta kawo ruwan da ta yini ɗebowa tana watsawa ƙarƙashin rumbu. Furera ce durƙushe a gaba, ɗankwali ya faɗi, tana jawo abin da ke ci da hauya. Ta fito da shi tsakar gida: ƙonannen kwando, tukunya baƙa ƙirin, ga kasko. Wutar ƙasa ta mutu, amma hayaƙi siriri na fita ta ƙarƙashin hular rumbun.

Tsoho Maiguwa, wan mahaifin Arzika, ya dafa bangon da tafin hannu ya janye.

"Iccen ƙasa sun kama, zahi ya shiga ciki," in ji shi. "In ba a hidda hatsin ga yanzu ba, toka za ku iske. A hwasa."

Ba wadda ta motsa. Tsohon ba ya iya hawa, kuma ba macen da ke fasa hatimin mijin wata. Duk suka juyo suna kallon Yalwa. Ta jingina tsani, ta karɓi taɓarya, ta hau. Da ta ture hular, ga hannun Arzika kwance a laka, yatsu biyar, har da gurbin ɗan yatsan nan nasa da lauje ya taɓa karkatarwa. Ta tsaya kallonsa har Maiguwa ya sake magana daga ƙasa. Sannan ta ɗaga taɓarya ta buga.

Har la'asar suna fitar da damma, hannu zuwa hannu. Na sama sun tsira. Na ƙasa wasu sun babbake, wasu sun sha ruwa. Hatsin da ko Amira ba ta taɓa gani da rani ba ya bazu tsakar gida kowa na tsallakawa. Kwandon kuwa na nan inda aka jawo shi, duk macen da ta wuce sai ta dube shi, ta dubi kaskon, ta kau da kai. Furera ta ɗauko buhu ta rufe shi, ta matso kusa yadda ba mai ji sai su biyu.

"Inna, ba a sa garwashi. Zahin tukunyat kaɗai ya isa."

Da ta yi mata dariya, da Yalwa ta samu abin riƙewa, ta yi shekara tana ba da labarin rashin kunyar ƴan Madawa. Amma yarinyar na tsaye da hannu duk ƙuna, tana rufa mata asiri da buhu. Yalwa ta ji ta tsane ta fiye da kullum, ta kuma ji kunyar tsanar. Ta buɗe baki da kyar ta ce, "Allah shi yi albarka."

Hatsin da ya fito daga rumbu ba ya komawa yadda yake. Jiƙaƙƙen dole a ci shi kafin ya yi tsami, matan da suka zubar da ruwansu dole a ɗan aika musu, sauran aka jibge a ɗaki inda ido ke ganinsa hannu ke kaiwa. Amira ta samo kwando ta cusa ƙaiƙayi a fili, tsakar gida, ba ta nemi izini ba. Yalwa ta ce wasan yara ne, ba ta hana ba. Mai jaki ya zo ya koma da itacensa sau da yawa. Daga baya in Amira ta tafi rijiya, ita da kanta ke sauke tukunyar ta danne bargon, fuska a murtuke. Abin na aiki sarai, kuma kullum ta buɗe ta ga waken ya nuna sai ta taɓe baki ta mayar da murfin.

Ruwa ya sauka, maza suka fara dawowa. Arzika ya shigo da jakarsa da hantsi. Labari ya riga ya same shi ta waya, amma ƙafa ta saba, sai da ya kai gindin rumbun ya kama tsani sannan ya tuna. Ya dubi bakin a buɗe, ya dubi baƙin hayaƙi a jikin duwatsun, ya saki tsanin ya zo ya zauna kan tabarma. Yalwa ta shirya wa faɗa, ta ma fi son faɗan. Bai yi ba. Ta kawo masa ruwa, ta kawo wake da ɗan mai da gabu, ta koma gefe ta zauna.

Ya ci, ya ƙara ci. Mutumin da tun aurensu bai taɓa yabon girkinta ba ya ɗaga kai.

"Wanga wake ya yi taushi ƙwarai," in ji shi. "Dahuwar Furera ta, ko? Har Abijan mun ji labarinta."

Yalwa ta dubi akushin. Ita ta shuka waken a gamanarta, ita ta roro, ita ta tsince, gabun ma da hannunta ta dunƙula.

"Ita ta," ta ce.

Ta tashi ta ɗauki butar wanke hannu. A bayan katanga Muntari na kan tsani, ya ɗaga hular rumbunsa yana ɗora hannu a kan laka.